Wasiƙar Godiya ga Likitan Haƙori da Ma'aikatansa a Garwa, Kamaru

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, Likita.

Bayan gaisuwa, na rubuto wannan a fili ne don iyayen Garwa su ji irin riƙon da kuka yi wa 'ya'yana biyu.

A wajenmu wushirya ado ce, har kakar yaran sai da ta yi faɗa da ta ji za a taɓa ta jikarta. Amma ta babbar, mai shekara 13, ta zarce ado, ta yi faɗin da yarinya ke rufe baki in za ta yi dariya. Ba ka yanke hukunci da ido ba. Ka sa aka ɗauki hoton haƙoran, sai ga wani ɗan haƙori na ƙari ɓoye cikin dasashi, tsakanin saiwoyin haƙoran gaba biyu na sama, shi ya hana su haɗuwa. Aka cire shi, daga baya aka ɗaura mata ƙarfe da waya, ana ɗan ƙara matsewa lokaci-lokaci. Farko-farko kunu kawai take iya sha, kuma hana ta rake da goruba ya fi aikin kansa wuya! Yanzu haƙoran sun haɗu, kun kuma manna mata siririyar waya ta baya, tunda ka ce in babu ita ratar na iya dawowa.

Abin da ya fi ratsa ni shi ne batun ƙanenta mai shekara 8. Na zo da kuɗin aikinsa a aljihu, ka ce in mayar. Ka bayyana mini cewa yara da yawa a shekarunsa suna da wannan ratar, kuma sau da yawa takan rufe da kanta idan fiƙoƙin sama suka fito wajen shekara 11 zuwa 12, su matso da na gaban. Namu dai mu raba shi da tsotsar yatsa, mu riƙa kawo shi dubawa. Ba kowa ne zai ga kuɗi a hannu ya faɗi haka ba.

Ina miƙa gaisuwa ta musamman ga baiwar Allahn da ke taimaka maka, wadda in Faransanci ya gagari uwar yaran sai ta juya zance zuwa Hausa ko Fulatanci, ta kuma zauna ta koya wa yarinyar wanke tsakanin ƙarfen da ƙaramin buroshi.

Allah ya saka muku da alheri, ya yi wa aikinku albarka.

Naku,
Mahaifin yaran, unguwar Yelwa, Garwa