Uwargidana ta ce ba za ta koma kemo ba

Zuwa ga Mama mai ba da shawara a filin iyali,

Gaisuwa mai yawa a cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ya aiki, ya jama'ar gida? Mama, na daɗe ina sauraron shirinki, ban taɓa zaton wata rana ni ma zan ɗauki biro ba. Ina roƙo a sakaya sunana, don garinmu ƙarami ne, kowa ya san kowa.

Ni malamin firamare ne a Saminaka, ina ɗan taɓa noman masara kamar kowa a nan. Shekararmu 19 da aure, Allah ya ba mu 'ya'ya 4. Bara bayan girbi uwargidana ta ji wani ƙullutu a mamanta na hagu, ba zafi ba ƙaiƙayi. Muka ɓata wata 3 muna shafe-shafe da jiƙe-jiƙe, saboda tsofaffi sun ce daji ba ya son ƙarfe, wai in allura ta taɓa shi sai ya fusata ya bazu. Wannan jinkirin har yau yana ci mini rai. Da muka je Zariya aka ɗebi 'yar tsoka aka auna, aka ce sankarar mama ce. Likita ya zana mana a takarda: kemo, wato maganin sankara da ake ɗurawa ta jijiya, sau 8, duk bayan sati 3, na farko guda 4 iri ɗaya, sauran 4 wani iri, sannan tiyata, daga baya a duba ko za a gasa wurin da na'ura.

Yanzu mun yi 4. Duk ranar zuwa, tun asuba muke kama hanyar Pambeguwa, a fara ɗibar jini a ga ko jikinta zai ɗauka, sannan a sa mata ruwa. A cikin magungunan akwai wani ja wur kamar zoɓo, har fitsarinta yakan yi ja kwana ɗaya ko biyu. Tun daga lokacin, ko zoɓo ta hango a hannun yaro sai zuciyarta ta tashi. Warin daddawa ma haka, matar da a da miyarta ba ta cika sai da daddawa. Bakinta ya yi gyambo, faratanta sun yi baƙi, ruwan sha kansa ta ce ɗanɗanon ƙarfe yake mata. Ni da ban taɓa tuƙa tuwo ba, ga ni na iya dama kunun gyaɗa ba gudaji.

Wajen sati 2 da yin na farko, wata safiya ta sa mataji a kai, sai ga gashi ya biyo shi dunƙule-dunƙule. Ta daɗe tana kallonsa a tafin hannunta. Can ta ce, "Malam, ɗauko reza." Na zaunar da ita a kan turmi a bayan ɗaki don kada yara su gani, na aske mata tas. Hannuna na rawa, ita kuwa tana rera waƙar sujada ƙasa-ƙasa. Da na gama ta shafa kan ta ce ashe kunnuwanta manya ne ba wanda ya taɓa faɗa mata. Muka yi dariya, sannan na shige makewayi na yi kukana.

Mama, in na ce ikilisiya ba ta tsaya mana ba na yi ƙarya, Allah kuma zai tambaye ni. Masarar da na ajiye ta ƙare tun a zagaye na biyu. Zumuntar Mata ce ta haɗa kuɗin na uku. Zumuntar Maza suka yi mini gayya, suka nome gonata rana ɗaya, ko ruwa ba su yarda na saya musu ba. Akwai wata gwauruwa, tsohuwa ce, duk Talata sai ta zo ta kwashe wanki, ta share tsakar gida, ta zauna a bakin ƙofa tana tsince shinkafa, ba wa'azi ba tambaya. In na gan ta nakan tuna abokan Ayuba da suka zauna da shi kwana 7 ba wanda ya ce uffan. Sai da suka buɗe baki ne abin ya lalace.

To, a wurin masu buɗe bakin ne damuwata take.

Wata nas ta yi mini bayani tun farko, ta ce maganin yana bin duk abin da ke saurin tsiro a jiki ne ya kashe, ba ya tantance na ciwo da na lafiya. Shi ya sa gashi ke zuba, shi ya sa kuma fararen ƙwayoyin jini, waɗanda ke yaƙi da cuta, suke raguwa. Ta ce daga kamar kwana 7 zuwa 14 bayan kowane zagaye, jikin uwargida gida ne ba ƙyaure, ko mura ta shigo tana iya zama babban abu. Ta sa na sayi ma'aunin zafin jiki, ta ce in ya kai 38 kada in jira gari ya waye. Ranar wata Lahadi, kwana 9 bayan zagaye na biyu, ana tashi daga sujada sai ga mata sun fi 15 cikin ankonsu na zumunta, da tulu da caki, suka cika ɗakin maƙil. Suka yi waƙa, suka ɗora mata hannu ɗaya bayan ɗaya, wata tana tari tana rufe baki da gefen zane. Fuskar uwargida ta yi haske ran nan, rabon da in gan ta haka tun kafin Zariya. Daren Laraba ma'auni ya nuna 38.6. Maƙwabcinmu, wani Alhaji mai motar haya, shi ya kai mu asibiti ƙarfe ɗayan dare, ya ƙi karɓar ko kuɗin mai. Kwana 5 muka yi a gado, aka ɗaga zagaye na uku da sati guda.

Na roƙi Fasto ya sanar cewa a riƙa zuwa bibbiyu, a wanke hannu, mai mura ya yi haƙuri ya yi addu'arsa daga gida. Ya sanar da kyakkyawan lafazi. Amma kafin sati ya zagayo magana ta koma wai Malam ya hana a ga matarsa, wai kamar su ne suka kawo ciwon. Wasu sun ɗauke ƙafa gaba ɗaya. Uwargida ta lura, ta ce na kore mata mutane.

Babban abin kuwa shi ne aminiyarta, wadda ta yi mata babbar ƙawa ranar aurenmu, yaranmu ma Anti suke ce mata. Ba na shakkar ƙaunarta, ta sayar da akuyarta saboda mu. Sai dai tun watan jiya ta haɗa uwargida da wani mai addu'a ta waya, ba ɗan ikilisiyarmu ba ne. Ya aiko da man zaitun a kwalba, ya ce ciwon jifa ne daga dangi, ya ce ta yi azumin kwana 3 ba ci ba sha, kuma wai wanda ya gaskata Allah ya warkar da shi ba ya komawa hannun mutum. Matar da nake lallaɓawa da cokali ta sha kunu, ita za a ce ta yi kwana 3 ko ruwa babu!

Abin da ya ƙara ɗaure maganar shi ne ƙullutun ya ragu sosai, da ƙyar ake jinsa. Likita ya yi murna, ya ce alama ce maganin na aiki, amma abin da hannu ba ya ji yana iya kasancewa a ciki, in aka tsaya a rabi ciwon yana iya dawowa. Anti kuwa ta ce addu'a ce ta narkar da shi, saura kawai a fito a ba da shaida. Uwargida kuma ta ce ba za ta koma kemo ba. Ni a ganina duka biyun hannun Allah ɗaya ne. Na buɗe wa uwargida Ishaya sura 38, inda Allah ya ƙara wa Sarki Hezekiya shekara 15, duk da haka annabi ya ce a shafa masa curin ɓaure a kan marurun. Na tuna mata Luka likita ne. Zancen jifa kuma na kai ta Yohanna sura 9, wurin mutumin da aka haifa makaho. Ta bar ni na gama tsaf, sannan ta ce, "Malam, ayoyinka daidai ne. Amma ba a jijiyarka ake ɗura shi ba."

Mama, ban sami amsa ba. Ni nake riƙe mata roba in tana amai, na san ba ƙarya take ba. Na fara zargin ma ba mai addu'ar ne ya rinjaye ta ba, gajiya ce, shi dai ya ba ta ƙofar fita da ba za a kira ta raguwa ba.

Shekaranjiya na dawo daga makaranta na tarar Anti ta tattara magungunan hana amai a leda za ta fita da su. Raina ya ɓaci, na ɗaga murya a gaban yara, na ce ta fita mini daga gida. Ban taɓa yi wa babbar mace haka ba. Tun daga ranar uwargida ta juya fuska bango, daga "to" sai "a'a". Wani dattijon ikilisiya ya ce mini ai ni ne kan gida, in ba da umarni kawai a wuce wurin. Amma yaya zan ɗauki mace mai shekara 41 in sa a mota kamar buhu? In kuma na zuba ido ciwon ya dawo, me zan faɗa wa autarmu da ke aji 2?

Akwai kuma abin da ban faɗa wa kowa ba. Ni nake koyar da manya a makarantar Lahadi, amma wata 2 ke nan addu'ata ba ta wuce "Ubangiji, ka gani." Kowa ya tare ni sai "Ya mai jiki?" in ce da sauƙi, mun gode Allah. Wani lokaci sai in ce zan duba gona, in je in zauna a gindin ɗorawa har rana ta faɗi. Nakan ji haushin Allah, sannan in ji tsoron haushin da na ji. Ko wannan zunubi ne, Mama?

Ki taimake ni da shawara. In je in ba Anti haƙuri, in roƙe ta ta raka mu Zariya ta ji daga bakin likita da kunnenta, ko hakan buɗe mata ƙofa ne ta ƙarasa abin da ta fara? In kira yayan uwargida daga ƙauye, ko kuwa taron dangi zai zame mata? Kuma da wane baki zan yi mata magana ta san na ji gajiyarta, ba tare da na yarda ta tsaya a rabin hanya ba?

Zagaye na 5 ranar Alhamis mai zuwa ne. Na riga na gaya wa Alhaji ya zo ƙarfe biyar na asuba, ita kuma ban faɗa mata ba tukuna.

Naki cikin Ubangiji,
Wani maigida daga Saminaka