Amsa ga Malam Kan Gadajen Campsfield da Haslar

Assalamu alaikum, Malam.

Tambayar da ka jefo mini a bainar jama'a ta iso, har da gishirin da ka zuba mata. Ka ce: shin Birtaniya ba ta da ikon tsare wanda ya zauna mata ba bisa ƙa'ida ba? Me ya sa nake kumfar baki kan shirin gwamnati na sake buɗe cibiyoyin tsare baƙin haure na Campsfield da Haslar da ƙara musu gadaje? Sannan ka rufe da cewa wai ko don a nan tuwon lauyoyi yake.

Ta farkon ba ta buƙatar dogon zance. Tana da iko, ban taɓa musa ba, ban kuma san lauyan da ya musa ba. Maganar tuwon ce zan tsaya a kanta, tunda ita ka fi so jama'a su tafi da ita gida.

A yi lissafi mana, Malam. Idan da tsare mutane ne abincina, ai ni ya kamata in fi kowa rawar ƙafa a ƙara gado dubu, domin kowane gado sabon fayil ne. Abin da nake nema shi ne a sa wa'adi, a ce kwana 28 ne iyaka, wanda zai kashe da yawa daga cikin shari'o'in da ake kaiwa kotu kan tsarewar da ta wuce kima. Kuma duk abin da wanda aka tsare a Ingila yake da tabbacin samu kyauta shi ne zaman minti 30 da lauya, galibi ta bakin tafinta. Idan masu cin tuwon kake nema, duba kamfanonin kwangila. Ofishin binciken kuɗin gwamnati ya bayyana a 2019 cewa kamfanin G4S ya samu ribar fam miliyan 14.3 daga tafiyar da cibiyar tsare baƙin haure ta Brook House tsakanin 2012 da 2018. Ban ji ka tambaye su tuwonsu ba.

Brook House ɗin nan ita ce dalilin kumfar bakin, domin an taɓa gwada ƙarin gadaje, kuma an ga abin da ya biyo baya. Tana gefen filin jirgin Gatwick, an buɗe ta a 2009, an gina ta da fasalin kurkuku mai tsauri bisa tunanin mutum zai yi kwana uku a sa shi a jirgi. Mutane suka riƙa yin watanni, wasu fiye da shekara. Ɗakin mutum biyu ne, masai a cikin ɗakin ba shamakin kirki, taga ba ta buɗuwa, ana kulle ƙofa daga ƙarfe 9 na dare zuwa 8 na safe. A cikin irin waɗannan ɗakuna aka cusa gado na uku, gadaje 60 ke nan, adadin ya tashi daga 448 zuwa 508. Masu duba gidajen yari na gwamnati sun yi gargaɗi cewa hakan zai lalata zaman wurin. Ba a fasa ba.

A watan Satumba na 2017 BBC ta nuna hotunan da wani matashin ma'aikacin wurin, Callum Tulley, ya ɗauka a ɓoye. Aka ga ma'aikaci ya shaƙe wuyan wanda ke ƙoƙarin hallaka kansa, ana zagi, ana ba'a da marasa lafiya. Me ma'aikatar cikin gida ta yi? A 2018 ta ƙara wa G4S shekara biyu a kwangilar. Cikakken bincike mai ikon tilasta wa shaidu su bayyana bai samu ba sai da biyu daga cikin waɗanda aka tsare suka kai gwamnati babbar kotu a 2019 suka yi nasara. Da waɗannan lauyoyin masu kwaɗayin tuwo suka kai ta, Malam. Ba don su ba, da ni da kai ba mu da rahoton da za mu yi gardama a kansa.

Rahoton, wanda Kate Eves ta jagoranta, ya fito a Satumba 2023. A cikin wata biyar kacal, Afrilu zuwa Agusta 2017, ya samu lokuta 19 da akwai ƙwaƙƙwarar shaidar cin zarafin da ya kai matsayin da dokar kare haƙƙin ɗan'adam ta Turai ta haramta. Ya ba da shawarwari 33, cikinsu har da wa'adin kwana 28. Gwamnatin lokacin ta ƙi wannan a Maris 2024. Wani abu a rahoton da ya kamata ya tsaya wa kowa a rai shi ne tarar da aka rubuta a kwangilar: idan mutum ya tsere, kamfani zai biya fam 30,000, idan ya illata kansa har ya mutu saboda sakacin kamfani, fam 10,000. Wanda ya rubuta wannan ya riga ya gaya wa ɗan kwangila abin da zai sa wa ido.

Ka ce akwai dokoki da ke kare marasa lafiya, ba daji ba ne. Akwai su a takarda, bari in gaya maka yadda suke aiki da inda suke karyewa. Ƙa'idojin cibiyoyin tsarewa na 2001 sun ce likita ya duba duk wanda aka kawo cikin awa 24. Ƙa'ida ta 35 ta wajabta wa likitan ya rubuta rahoto a hali uku: idan tsarewar za ta cutar da lafiyar mutum, idan yana zargin mutumin na shirin kashe kansa, ko idan akwai alamar an taɓa azabtar da shi. Rahoton ya je ma'aikatar cikin gida, ita kuma ta amsa cikin kwanakin aiki biyu, ko ta saki ko ta faɗi dalilin ci gaba da riƙewa. To a Brook House duk tsawon 2017 ba a rubuta rahoton hali na biyu ko ɗaya ba, alhali kullum akwai waɗanda aka sa wa mai gadi yana kallonsu dare da rana don kada su rataye kansu. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Likitocin ba su isa ba, lokacin ganawa gajere ne, layin jira ya kai makonni, wasu likitocin ma ba su fahimci ƙa'idar ba. Ƙara gado ba tare da ƙara likita, tafinta da ma'aikatan da suka daɗe a aikin ba, ƙara tsawon wannan layin ne kawai.

Yanzu ga Campsfield, a Kidlington kusa da Oxford. Gadonta 282 ne lokacin da aka rufe ta a ƙarshen 2018, kuma gwamnatin 'yan Conservative ce da kanta ta rufe ta, bayan rahotanni biyu na Stephen Shaw, na 2016 da na 2018, sun ce ana tsare masu rauni da yawa, ana kuma daɗewa. Haslar, a Gosport, tun 2015 aka rufe ta. A 2022 wannan jam'iyya ta dawo ta ce za a buɗe su, gado kusan 1,000 idan an gama. Jam'iyyar Labour ta hau mulki a 2024, kuma a watan Agusta ministar cikin gida ta lokacin, Yvette Cooper, ta ce za a fara da gadaje 290. An sayar da kare an sayi biri. Abin da nake tambaya, wanda kai ka fassara da kumfar baki, shi ne: me ya canja tsakanin 2018 da yanzu wanda ya mai da abin da aka rufe don yana cutarwa ya zama abin faɗaɗawa? Shawarwari nawa cikin 33 aka zartar kafin a sa hannu a sabuwar kwangila? Ma'aikaci nawa ga mutum nawa? Tarar mutuwa nawa ce a wannan karon?

Batun kuɗin masu biyan haraji da ka kawo ma ba a gefenka yake ba. Kwana ɗaya na mutum ɗaya ya haura fam 100, kuma shekaru da dama a jere fiye da rabin waɗanda suka fita daga tsare ba jirgi aka sa su ba, beli aka ba su suka koma cikin gari. Ma'aikatar kuma tana biyan miliyoyin fam kowace shekara diyya ga waɗanda ta tsare ba bisa doka ba. Wannan ba almubazzaranci ba ne a wurinka?

Ɗan kurkuku ya san ranar fitarsa, yana ƙirga kwanaki a bango. Wanda ke Brook House bai sani ba, domin ba alƙali ne ya yanke masa ba, jami'in ma'aikata ne ya sa hannu. Mai juna biyu kaɗai da iyalai masu yara aka yi wa iyakar awa 72, wadda minista kan iya tsawaita ta zuwa mako guda. Saura sai ya nemi beli da kansa, in bai nema ba sai bayan wata huɗu a kai maganarsa gaban alƙali, wanda ake jiran korarsa daga ƙasar saboda laifin da ya aikata ma ba ya cikin wannan. Dokar baƙin haure ta 2023 kuma ta mai da ministan cikin gida shi ne mai auna tsawon lokacin da ya dace, aikin da kotu ce ke yinsa a da.

Abin da ya fi ƙona mini rai a tambayarka, Malam, ba zargin ba ne. Hali ne da ya yi mana katutu, mu da muka samu takardun zama: da zarar fasfo ya shiga aljihu sai mu koma mun fi Baturen kishin ƙofarsa, mu riƙa kiran ɗan'uwa ɗan haure kamar ba ta filin jirgi ɗaya muka sauka ba. Alhali jiragen da ake haya don mayar da mutane suna sauka a Legas da Akara, kuma sau da yawa abin da ke riƙe mutum watanni a ɗakin nan jiran takardar tafiya ta gaggawa ce daga ofishin jakadancin ƙasarsa. Wa ya taɓa tambayar jakadunmu 'yan ƙasarsu nawa ke tsare a yau, kuma yaushe rabon da a leƙa su? Kai da kake da bakin da ake saurare a taro, da hoto da kowane baƙo daga gida, wannan tambayar ta fi kusa da kai fiye da tuwona.

Kana da ɗan majalisa a mazaɓarka. Rubuta masa tambayoyin nan huɗu da na lissafa, ka nemi ya miƙa su a rubuce ga ministan cikin gida, domin tambayar ɗan majalisa dole a amsa ta kuma a wallafa. Duk amsar da ta zo, ka karanta ta a wurin da ka yi mini tambayar, zan zo in saurara.

Wassalam, a gaida iyali.