A Tanadar wa Baƙin Sallah Abin Gani a Kano Bayan Hawa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida mai farin jini domin in yi magana a kan baƙin da suke shigowa Kano a lokacin hutun Sallah, da kuma yadda muke barin su su koma ba tare da sun ga ainihin birnin ba.

Kowa ya san cewa hawa shi ne yake janyo mafi yawan waɗannan baƙi. Daga Hawan Sallah zuwa Hawan Daushe da Hawan Nasarawa, har zuwa na Ɗorayi ko Fanisau, gari yakan cika da mutanen Katsina da Zariya da Maraɗi da Damagaram, har da Turawa masu ɗaukar hoto. A watan Disambar 2024 hukumar UNESCO ta sanya hawan Kano cikin jerin al'adun duniya da suka cancanci a adana, kuma wannan abin alfahari ne. To amma an dakatar da hawan a babbar Sallar 2024 da ƙaramar Sallar 2025 bisa dalilan tsaro, kuma a nan ne ya fito fili cewa mun ɗora duk yawon buɗe idonmu a kan doki. Da aka ce babu hawa, baƙo bai san inda zai dosa ba sai gidan namun daji da manyan kantuna, alhali kuwa yana zaune a birnin da tarihinsa ya haura shekara dubu.

Dutsen Dala, inda Barbushe, jagoran masu bautar gargajiya, ya zauna kafin zuwan Bagauda, sarkin Kano na farko, yana tsakiyar gari, kuma wanda ya jure hawa matakalarsa zai hangi Goron Dutse da kubbar babban masallaci da rufin unguwannin cikin birni a shimfiɗe. Sai dai babu wani allo da zai gaya wa baƙo abin da yake kallo, babu inuwar da dattijo zai huta, ledoji kuma sun cika gefen hanya. Badalar da Sarki Gijimasu ya fara ginawa wajen ƙarni na 12, Muhammadu Rumfa ya faɗaɗa ta a ƙarni na 15, ita ma ruwan sama yana cin ta, masu ɗibar ƙasa suna yankar ta, gine-gine sun matse ta, har ta kai a wasu wurare sai an nuna maka tudun da ya rage kafin ka yarda ganuwa ce.

Wurin da ya fi damuna shi ne karofin Ƙofar Mata, wanda ake danganta kafuwarsa da shekarar 1498. Har gobe akwai marina da suke zaune a bakin rami, hannuwansu sun yi shuɗi har wuyan hannu, suna tsoma zane cikin ruwan baba da toka, su ɗago shi ya sha iska, su sake tsomawa har launin ya kama yadda suke so. Can gefe kuma ana jin amon masu bugu suna dukan yadi a kan gungume har ya yi sheƙi. Amma ramuka da yawa sun bushe, wasu an cika su da shara, kuma yawancin masu aikin sun manyanta. Kowane baƙo da ya tsaya ya sayi zane ɗaya yana taimaka wa wannan sana'a ta ci gaba da numfashi, don haka rashin kai baƙi wurin asara ce da take faɗawa kan talakan da yake ci daga ramin.

Abin da nake nema daga hukumomin da abin ya shafa ba ya buƙatar kuɗi mai yawa. A tsara hanya guda ta yini ɗaya wadda za ta fara daga Gidan Makama, inda Rumfa ya zauna kafin a gama gina fada, ta bi ta Kasuwar Kurmi da Dala da Ƙofar Mata, ta ƙare a gidan tarihi na Gidan Ɗan Hausa. A horar da matasan waɗannan unguwanni, musamman waɗanda suka karanta tarihi, su zama 'yan rakiya masu shaidar aiki da farashi sananne, domin baƙo ya huta da ciniki a kowace ƙofa. A kuma tabbatar wuraren suna buɗe a ranakun hutu, tunda a lokacin ne iyali suke samun sukunin fita tare da yara.

Mu ma masu masaukin baƙi akwai namu. Idan ɗan'uwa ya zo daga Legas ko Kumasi da 'ya'yansa, bai kamata ziyararsa ta tsaya ga cin naman Sallah da gaishe-gaishe ba. Ina kuma roƙonka, Malam Edita, da ka tura wakilinka ya zagaya waɗannan wurare kafin Sallah mai zuwa, ya kawo wa masu karatu lokutan buɗewa da kuɗin shiga da halin da ya tarar da su.

Na gode.

Mai karatunku,
daga cikin birnin Kano