Godiya ta musamman ga ma'aikatan Iziko da ke Cape Town

Assalamu alaikum. Wannan saƙo nawa zuwa ga hukumar gidan adana zane-zane na Iziko ne, wanda ke cikin lambun Company's Garden, musamman ma'aikatan da suka yi ɗawainiyar baje kolin ayyukan Mama Esther Mahlangu, mai zane 'yar ƙabilar Ndebele ta Afirka ta Kudu, a 2024. Gaskiya kun yi ƙoƙari, Allah Ya saka da alheri.

Mu ɗalibai Hausawa da ke karatu a nan mun daɗe muna ganin zanen Ndebele a jikin riguna da kofuna a kasuwar 'yan yawon buɗe ido, ana sayar da shi kamar ado ne kawai, sai a wurinku aka zaunar da mu aka nuna mana ashe magana ce ake rubutawa a bango. Baiwar Allah da ta zagaya da mu ba ta gaji da tambayoyinmu ba wallahi, ta bayyana mana cewa bayan Turawan Boer sun ci Ndebelen Ndzundza, wani reshe na ƙabilar, da yaƙi a 1883 an tarwatsa su gonaki suna aikin tilas, to mata ne suka riƙe asalinsu da zanen gida da ɗinkin duwatsu, duk mai wucewa ya kalli bango ya san 'yan gida ne a nan. Uwa takan sabunta zanen in ɗanta ya tafi dajin kaciya, kuma ijogolo, banten duwatsu na matar aure, daban yake da na budurwa, kowanne da saƙonsa.

Na tsaya dab da wani zane ina bin baƙin layin nan mai kauri da ido, a miƙe sambal, aka ce ba rula ba komai, gashin kaza ne da hannu. Mama Esther, da aka haifa a 1935 kusa da garin Middelburg, ta koya wurin mahaifiyarta da kakarta, ita ce a 1991 ta zane motar BMW 525i, mace ta farko da kamfanin BMW ya ba aikin zane motarsa, ga motar nan kuma kun kawo mun gani da idonmu. Nan take na tuno magina na Zariya da dagin da suke yi a ƙofar zaure.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda kuka yi maganar amadlozi, wato kakannin da suka rasu waɗanda mutanen ke neman waraka da albarka ta wurinsu. Ni Musulmi ne, ba aƙidata ba ce, kuma ba wanda ya nemi cusa mana ita, amma ba ku raina ta ba ballantana ku mai da ita abin kallo, kun faɗe ta yadda masu ita suka ɗauke ta.

Roƙona ɗaya, in da hali a zagaya da irin wannan baje koli har Afirka ta Yamma, ko Legas ko Kano, masu zanenmu su samu su gani. Allah Ya ƙara wa Mama Esther lafiya, ku kuma Ya ƙara muku basira.

Naku,
Wani ɗalibi daga Zariya