Uwar likita tun daga aji huɗu take fara aiki

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Iyaye mata da yawa a Garwa da Marwa, a arewacin Kamaru, na burin ganin 'yarsu cikin farar rigar likita, amma sai sun makara suke farga.

Tun shekarar BEPC, jarrabawar ƙarshen shekara ta huɗu ta sakandare, ake yanke hukunci. Yarinyar da lissafinta ya yi rauni sai a tura ta sashen A, na adabi, alhali jarrabawar shiga makarantar likitanci bakaloriya (shaidar kammala sakandare) ta sashen C ko D, na kimiyya, take nema. Me ke raunana lissafin? Tallan magariba, wanke-wanke, goyon ƙanne. Uwa ce kaɗai ke iya cewa, "Ajiye tsintsiyar nan, je ki ɗauki littafi." Awa 2 kowane dare sun isa. Ta kuma adana takardar haihuwa, don babu jarrabawar da za a yi ba ita.

Karatun likitanci shekara 7 ne, ga kwanan asibiti. Aure a tsakani ba laifi ba ne, muddin an sa sharaɗin karatu gaban waliyyai kafin ɗaurin aure. Idan haihuwa ta zo, sai Inna, goggo ko uwar miji ta riƙe jariri daren aiki. Inda aka rasa mai riƙon nan, can karatu ke tsayawa.

Wata malamar kimiyya,
Garwa