Baƙin da ke wucewa ta samanmu cikin dare

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarmu mai farin jini in ja hankalin malaman kimiyya na makarantunmu kan wani nazari da ba ya cin kuɗi, wato ƙidayar tsuntsaye masu ƙaura cikin dare.

Kowa ya san shamuwa, ana ganin isowarta da rana tsaka, manomi ya fara gyaran gona. Amma ƙananan tsuntsayen da ke tasowa daga Turai su ƙetare Sahara zuwa fadamar Haɗeja da Nguru da Tafkin Chadi, yawancinsu tafiyar dare suke yi, da rana su sauka su fake wa zafi. Shi ya sa sai dai a wayi gari a gan su, kamar daga ƙasa suka tsiro.

Akwai hanyar ganinsu suna tafe. A daren da wata ya cika, wato sha uku zuwa sha biyar ga wata, a saita madubin hangen nesa a kan fuskar wata, a yi haƙuri. Can sai ka ga ɗan baƙin abu ya gifta, wani lokaci har da kaɗa fiffike. Mai kallo ya ɗauki watan tamkar fuskar agogo, ya ce ya shiga ta ƙarfe biyu, ya fita ta ƙarfe takwas, na kusa da shi ya rubuta tare da lokaci. Dole a riƙa karɓa-karɓa, don hasken yana gajiyar da ido.

Ba wasan yara ba ne. Tun 1880 wani masani, W. E. D. Scott, ya ga haka a Princeton ta Amurka. Daga baya George Lowery na Jami'ar Jihar Louisiana ya mayar da shi lissafi sosai, har a Oktoban 1952 shi da Robert Newman suka sa 'yan sa-kai a faɗin Arewacin Amurka suka riƙa ƙidaya a darare guda. Faɗin wata a sama rabin digiri ne kacal, wato ɗan mitsitsin wuri a sararin sama, don haka tsuntsu goma da suka gifta shaida ce ta ɗimbin da suka wuce ta gefe ba a gan su ba.

Abin da ke ba ni takaici, mu ne ke zaune a bakin hanyar, sararinmu garau bayan ɗaukewar damina kafin hazo ya sauka, ga ƙauyukanmu babu hasken lantarki mai dame sama, amma sai Turawa su zo su ƙidaya mana. Na san rada, wato na'urar da ke gano abin da ke tafiya a sama, ta fi ido, to wa ke da ita a garin Gashuwa?

Ina roƙon ku riƙa sanar da daren cikar wata na Satumba da Oktoba, ku kuma buga alƙaluman duk makarantar da ta aiko.

Naku,
Wani malamin makaranta daga Nguru, Jihar Yobe