A Kumasi Ma Sunansa Ƙosai

Kumasi, Gana.

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, yaya su Baba da su Mama? Ka gaishe min da 'yan majalisarmu ta ƙofar gida, har da masu rantsuwar cewa zan dawo kamar sillen kara saboda rashin tuwo. Ka ce musu sun sha ƙasa. Wandon da na taho da shi yanzu sai na shanye ciki kafin maɓallinsa ya shiga.

Tambayar da ka yi min ranar nan, wai me nake ci a nan, ta fi ƙarfin waya, shi ya sa na zauna na rubuto.

Satin farko dai na ji jiki. Daga shayi da biredi sai Indomie, don na leƙa wani gidan abinci na ga katantanwa da naman daji suna iyo cikin miya, ban kuma san wa ya yanka akuyar ba, sai na ja da baya. Ana nan wata asuba na fito daga masallaci a Zangon Ayigya, unguwar da ke tsallaken titi daga jami'armu, na ga mutane sun yi layi gaban wata mata mai ƙatuwar tukunya a lulluɓe da bargo. Na matsa na harhaɗa Turancina na tambaye ta abin da take sayarwa. Ta kalle ni sama da ƙasa ta ce, "Koko ne da ƙosai, na nawa za a sa maka?" Wallahi sai da gwiwata ta yi sanyi.

Kokon nan kuwa duk Gana sunansa Hausa koko, Asante da Fante da kowa haka suke faɗa. Na gero ne, ya sha citta da kanumfari da barkono fiye da namu, ana ƙulla shi a leda ka huda gefe ka tsotsa kana tafiya. Ƙosai suna rubuta shi koose. Tuwon zafi ya koma tuo zaafi, da miyar ayoyo da daddawa. Zoɓo shi ne sobolo. Masa tana nan da sunanta, funkaso ma haka da ɗan gyara. Ni da na zo da niyyar zama baƙo, sai na tarar kicin ɗin Mama ya riga ni isowa.

Amma sarkin abincin titi a nan shi ne waakye, wato shinkafa da wake, suka datse sunan suka bar waken kawai. Kada ka ɗauka garau-garau ɗinmu ne mai mai da yaji. Da karan dafi da kanwa ake dafa shi, sai ya fito jajawur mai duhu. Akwai wata Hajiya a Aboabo da nake hawa motar haya, trotro suke ce mata, musamman dominta duk ranar Asabar. Ka ga yadda take zubi: za ta shimfiɗa faffaɗan ganye kore biyu a tafin hannu, ta ɗibo shinkafar tana turiri, ta ɗora taliya, ta barbaɗa garin rogo da aka murza da man miya, sai dafaffen ƙwai, sai ganda wadda suke kira wele, sannan ta kawo wani baƙin yaji mai suna shito, na busasshen kifi da jatan lande da aka soya da mai har ya yi baƙi, ta ɗiga a gefe. Ta naɗe ganyen cikin ƙiftawar ido, idonta na kan mai bi maka a layi. Kowane abu da kuɗinsa, kai za ka riƙa faɗa tana ƙarawa. In ka wuce ƙarfe 11 sai dai ka tarar ana wanke tukunya.

Ranar farko da na je ta gama naɗewa sai ta ce min dubu 200. Na yi tsaye riƙe da ganye, ina lissafin kuɗin makarantata. Mutanen layi suka fashe da dariya. Ashe sidi 20 take nufi. Tun 2007 aka canza musu kuɗi aka cire sifili huɗu, amma tsofaffin kasuwa har gobe da tsohon lissafi suke magana. Na biya ina share gumi.

Ban daddara ba kuma. Ka san Hausar nan ba ruwanta da mace da namiji, sai ka ji an ce "yarinyar ya zo", "matata ya tafi kasuwa". Da muka saba da Hajiya, rannan ta ce 'yarta ya tafi ɗebo ruwa, bakina da bai iya shiru ba ya ce, "Ta tafi dai, Hajiya." Ta ajiye ludayi. Ta ce kakanta da jakuna ya taso daga ƙasar Hausa cikin ayarin fatake, ya yi cinikin goro a Salaga kafin ya gangaro Kumasi, a nan aka haifi babanta, a nan aka haife ta, ba ta taɓa taka Najeriya ba, ga Hausar kuma har jikokinta suna yi. Sannan ta tambaye ni kalma nawa na koya na Asantanci tun zuwana. Na ce biyu. Ta ce to in kawo goma Asabar mai zuwa, in ba haka ba babu ƙarin ganda. Na kai takwas, ta yafe min biyun.

Da dare kuma harka ta masu tsire ce. Sunansa chichinga, shi ma ana cewa daga bakinmu ya fito, kuma duk mai gasa shi Aboki ake kiransa, komai furfurarsa. Ka san yadda kalmar nan take ƙona mana rai a Legas. A nan ma wani lokacin nakan ji ɗan ƙaiƙayinta, amma wani dattijo ɗan Nijar da nake saye wurinsa a Asawase ya ce shi bai damu ba, da Abokin nan ya aurar da 'ya'ya uku. Shi ne mai karɓar kuɗi ta waya, MoMo, bai yarda da bashi ba ko na sisi.

Nasu na gargajiya ma na fara taɓawa. Kelewele, agada nunanniya da ake yankawa ƙanana a cuɗa da citta da barkono a soya, a ba ka da gyaɗa, wannan ko a mafarki na yarda. Dokunu kuwa, wani tuwon masara mai tsami da ake dafawa cikin ɓawon masara, har yanzu muna kallon hadarin kaji da shi. Sakwararsu ta rogo da agada ba a taunawa, haɗiya ake yi, ni kuma sai na tauna, abokan karatuna suna ta nuna ni.

In an sami mai tahowa, ka aiko min da kilishi da yajin ƙuli, da turaren wuta mai kyau na kai wa Hajiya, don ta sha yi min zancensa. Sannan mai ƙosan bakin layinmu tana bi na naira 200 tun kafin tafiyata. Tsayuwa a layin Aboabo ce ta tuna min. Don Allah ka biya ta, ka ce ina gaishe ta, ka kuma tambayo min ko ta san karan dafi.

Naka har kullum,
Abokinka na Kumasi.